Tarihin tobo: yadda hayaƙin salansa ya koma ƙarfin doki

Idan tirela ta ɗauko kaya tana hawan tudu, akwai wani siririn fito da ke fita tare da rurin injin. Direba na taka totur yana ƙaruwa, yana ɗaga ƙafa sai ya mutu. Fiton tobo ke nan, wato tobocaja a cikakken sunansa. A ƙaramar mota girmansa bai wuce na matsakaiciyar kankana ba, amma farfelar da ke cikinsa tana iya juyawa sau 150,000 ko fiye a minti ɗaya.

A Amurka da Japan da Turai akwai kasuwa sukutum da ta tsayu a kan sayar da wannan na'ura a cikin kwali, haɗe da bututai da kusoshi da takardar bayani, domin mai ƙaramar motar gudu ya ɗaura wa injin da kamfani bai yi shi da tobo ba. Idan aiki ya yi kyau, motar da ke da ƙarfin doki 120 tana iya komawa 200. Idan bai yi ba kuwa, fistan kan fashe cikin ƴan daƙiƙu, tarin kuɗin shekara guda ya bi ruwa. Abin da ke raba waɗannan biyun ya ɗauki injiniyoyi kusan shekara 80 kafin su kama bakin zarensa, kuma labarin ya faro ne daga jiragen ruwa da na sama, nesa da kwalta.

Wuta da iska

Injin mota murhu ne da ake kunnawa sau dubbai a minti. Fistan ya sauka ya zuƙo iska da fetur cikin silinda, ya hau ya matse su, fulogi ya ƙyasta, cakudar ta kama ta tunkuɗa fistan ƙasa, sannan a kori hayaƙi ta salansa. Mutane da yawa sun ɗauka fetur ne ke iyakance ƙarfin inji. Ai ƙara fetur ba wuya, aikin famfo ne. Iska ce matsalar. Kafin giram 1 na fetur ya ƙone tas sai ya samu iska giram 14.7, ita kuwa iska shafal take: lita 1,000 nauyinta kilo 1.2 ne kacal a bakin teku. In ka buga lissafi, lita ɗaya ta fetur tana cin iska wajen lita 9,000. Inji mai lita 2 kuma, a duk zagaye biyu na karanshaf lita 2 yake iya shaƙa, in ma ya cika. Daga nan sai haƙuri.

Maƙera sun san maganin wannan tun kaka da kakanni. Gawayin da ke murhun mai shayi shi ne a maƙera, zugazugi ne ke sa na maƙera ya mayar da ƙarfe ja wur. Haka inji: in ka cusa masa iska da ƙarfi, ta fi wadda zai shaƙa da kansa, to zai iya ƙona ƙarin fetur a kowane bugu. Tambayar ita ce wa zai yi zugar. Ana iya ɗaura bel daga injin ya juya famfon iska, wannan shi ne sufacaja, sai dai yana cin wani kaso na ƙarfin da ya samar. Dabarar tobo ta fi wayo. Kusan kashi ɗaya cikin uku na makamashin da ke cikin fetur ta salansa yake gudu, a matsayin zafi da matsi. Sai aka sa farfela a hanyar hayaƙin, aka haɗa ta da sanda zuwa wata farfelar a hanyar shigar iska. Hayaƙi ya juya ta farko, ta biyu ta yi zuga.

A 1905 ne wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar wannan dabara. Shekarunsa 26 a lokacin, wato sa'an yawancinmu da ke fama da digiri na biyu. Amma ya jira wajen shekara 20 kafin ya ga abin yana aiki sosai, domin ƙarafan zamanin ba su iya jure zafin hayaƙi tare da irin wannan juyi ba. A tsakiyar shekarun 1920 aka ɗaura tobo a injinan dizal na wasu jiragen ruwan fasinja biyu na Jamus, Preussen da Hansestadt Danzig, ƙarfin inji ya tashi daga doki 1,750 zuwa 2,500. Ba banza ba dizal ya riga fetur. Hayaƙinsa bai kai na fetur zafi ba, wanda kan haura digiri 900, sannan iska zalla yake matsewa, sai a ƙarshe ake fesa mai. Ka riƙe wannan batu na biyu, za mu dawo kansa.

Masu jirgin sama su kuma tasu damuwar daban ce. Duk sama da ka yi, iska na ƙara sirancewa. Ko a Jos, da ke wajen mita 1,200 daga matakin teku, injin da ba shi da tobo yana rasa fiye da kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa. A mita 5,500 rabin matsin iskar ne ya rage. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya Auguste Rateau a Faransa ya gwada tobo a injinan jirgi, sannan a 1918 Sanford Moss na kamfanin General Electric ya ɗora injin Liberty mai silinda 12 a bayan babbar mota, ya hau da shi kan dutsen Pikes Peak a jihar Kolorado, mita 4,300. A can sama injin doki 230 ya iya bayarwa da kansa. Da aka haɗa tobo sai ya ba da 356. A Yaƙin Duniya na Biyu jirage irin su B-17 da P-38 da P-47 duk da tobo suka tashi, kuma yaƙin ne ya tilasta aka samar da ƙarafa masu nikel da ke jure wuta. Bayan yaƙi fasahar ta sauko ƙasa ta hannun manyan injinan dizal. Kamfanin Garrett, wanda har yau sunansa ke jikin kwalayen da ake sayarwa, da katafilar D9 ta Caterpillar ya shiga kasuwar a tsakiyar shekarun 1950.

Akwai wani ɗan labari na 1952 da nake so. A tseren Indianapolis 500 na shekarar, motar Cummins mai injin dizal da tobo ta samu layin farko a gwajin share fage. Amma bakin tobon yana ƙasa kusa da kwalta, ya yi ta zuƙar ɓurɓushin taya da datti har ya toshe, motar ta fita daga tseren ba ta kai rabi ba. Duk wanda ke tunanin cire matatar iska don tobo ya "numfasa", musamman a ƙasar da ake hazo da ƙura wata uku, ya tuna da wannan motar.

Shekarar 1962 da ruwan roka

Motocin fetur na farko da kamfani ya fitar da tobo sun zo a 1962, duka biyun daga General Motors: Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair Monza Spyder. Jetfire ita ce darasin. Injinta V8 ne na alminiyam mai lita 3.5, tobon ya kai shi doki 215, kuma ƙarin matsin da yake bayarwa 5 ne kawai a ma'aunin da mai faci ke gwada taya da shi, inda yake cewa ya sa maka 32. Kaɗan ne sosai. Duk da haka injiniyoyin ba su yarda su bar shi haka ba, sai da suka sa wani ɗan tanki na cakudar ruwa da barasar metanol, suka raɗa masa suna Turbo-Rocket Fluid, ana fesa shi cikin iskar idan an taka mota. In tankin ya ƙare, wata na'urar kariya ta hana tobon aiki. Masu mota kuwa ba su saba cika tanki na biyu ba. Sai su yi ta zuwa wajen dillali suna cewa mota ta mutu a ƙafa. Ƙasa da guda 10,000 aka ƙera a shekara biyu, daga baya ma kamfanin ya riƙa cire wa mutane tobon kyauta yana mayar musu da kafireta.

To me ruwa ya zo yi a cikin inji? A nan ne gundarin maganar take, kuma wanda ya gane wannan ya gane sauran tarihin.

Duk iskar da aka matse sai ta yi zafi. Taɓa gindin famfon keke bayan ka busa taya ka ji. A ce iskar waje digiri 30 ce, tobo ya ninka matsinta, daga ba 1 zuwa ba 2. Ko da farfelar ba ta da asara ko kaɗan, zafin zai ƙaru da digiri 66. Farfela ta gaske, mai inganci kashi 70 cikin 100, ƙarin digiri 94 za ta yi, wato iskar ta shiga inji tana digiri 124, ta fi tafasasshen ruwa. Asara biyu ke nan. Iska mai zafi tana buɗewa, don haka maimakon ninki 2 da ka yi tsammani, ninki 1.5 ka samu. Ta biyun ta fi muni. A injin fetur, cakudar iska da mai ake matsewa tare. Fulogi ya ƙyasta, harshen wuta ya fara tafiya daga tsakiya zuwa gefe, yana ƙara matse ragowar cakudar da bai kai gare ta ba. In wannan ragowar ta yi zafi da yawa, ba ta jiran wutar ta iso, sai ta fashe da kanta gaba ɗaya. Girgizar tana dukan bangon silinda sau dubbai a daƙiƙa, ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ita ce ƙwanƙwasa. Kada a haɗa ta da abin da muke nufi in mun ce inji ya buga, ko da yake ita ma can take kai shi: tana karya gefen fistan inda ringi ke zama, tana ƙona gaskit, wani lokaci ta huda fistan ɗin kansa. Dizal bai da wannan fargabar tunda babu mai a cikin iskar da yake matsewa, shi ya sa tirela ta riga ƙaramar mota samun tobo da shekaru masu yawa.

Jetfire tana matse cakudarta ninki 10.25 a cikin silinda, ga kuma zafin tobo a kai. Ruwan nan, da ya zama tururi, shi ke shanye zafin. Ita kuwa Corvair wata hanyar ta bi: aka rage matsewar silinda zuwa ninki 8, aka kuma sa ƙyastawar fulogi ta ja baya idan matsi ya hau. Ta fi daɗewa, har 1966, ta kai doki 180.

Hanyar Corvair ce Jamusawa suka bi a shekarun 1970, suka ma wuce gona da iri. BMW 2002 Turbo ta 1973 ninki 6.9 take matsewa, Porsche 911 Turbo ta 1975 kuma 6.5. Inji mai irin wannan matsewar rago ne kafin tobo ya farka. Shi kuma babban tobo ba ya farkawa sai hayaƙi ya yi yawa. Don haka direba ya taka totur, shiru, ya ƙara takawa, shiru, sai allura ta doshi zagaye 4,000 sannan ƙarfi ya zo gaba ɗaya kamar an hankaɗa ka daga baya. A miƙaƙƙiyar hanya abin daɗi ne. A tsakiyar kwana, cikin motar da injinta ke bayan tayoyin baya, abin ya kai mutane lahira, har Porsche ɗin ta samu laƙabin mai mayar da mata zawarawa. BMW kuwa rashin sa'a ta yi, ta fito ana gab da rikicin man fetur na 1973, guda 1,672 kawai aka yi. A 1978 Porsche ta ƙara intakula, wato lagireton da ke sanyaya iska tsakanin tobo da inji. Koma lissafinmu na ɗazu: in aka sauko da iskar daga digiri 124 zuwa 50, ninki 1.5 ya koma kusan 1.9, ƙwanƙwasa kuma ta ja baya.

A ganina, waɗanda suka fi cancantar yabo a wannan zamanin ƴan Suwidin ne, duk da ba su ake liƙawa a bango ba. Saab 99 Turbo, wadda Per Gillbrand ya jagoranci aikin injinta a ƙarshen shekarun 1970, ƙaramin tobo ta yi amfani da shi, mai saurin farkawa, tare da ƙofar da ke karkatar da rarar hayaƙi idan matsi ya kai iyaka, wadda ake kira wesget. Sannan a farkon shekarun 1980 suka kawo tsarin APC: suka ɗaura sensa a jikin inji tana sauraron ƙwanƙwasa, da zarar ta ji sai lantarki ya buɗe ƙofar ya rage matsi. Inji ya fara jin kansa ke nan. Ka sa fetur mai okten sosai ya ba ka ƙarfi, ka sa maras kyau ya rage da kansa. Duk motar tobo ta yau jikar wannan tunanin ce.

A filin tsere kuwa hauka aka yi. Renault ta shigo Formula 1 da tobo a 1977, motar tana yawan fashewa da hayaƙi har Turawan Ingila suka riƙa kiranta butar shayi mai ruwan ɗorawa. A 1979 ta ci tseren farko a Dijon. Zuwa 1986 injin lita 1.5, daidai da na ƙaramar Corolla, yana haura doki 1,000 a gwajin share fage, da man da aka cika shi da sinadarin toluwin don kada ya ƙwanƙwasa. Aka hana tobo daga 1989, sai 2014 ya dawo.

Tobo a cikin kwali

Yayin da manyan kamfanoni ke ɗari-ɗari, ƙananan gareji sun riga sun shiga. A Amurka, tobon da aka yi wa Corvair ya koma hannun wani kamfani mai suna Rajay, ya zama abin da masu haɗe-haɗe ke ɗaura wa duk abin da ke da fistan. A Japan, Hiroyuki Hasegawa, tsohon injiniyan Yamaha, ya kafa HKS tare da Goichi Kitagawa a 1973 a gindin dutsen Fuji, kuma a 1974 suka fara sayar da haɗin tobo na ƙananan motoci, shekara biyar kafin Nissan ta fitar da motar tobo ta farko a ƙasar. A 1977 Reeves Callaway ya haɗa wa BMW 320i tobo a garejin gidansa a jihar Konetikat, mujallar Car and Driver ta rubuta labarin, oda ta fara shigowa. Shekara 10 bayan nan Chevrolet da kanta ta yarda a sayi Corvette mai tobo biyu na Callaway ta hannun dillalanta. A 1988 wata da ya gina, Sledgehammer, ta yi gudun kilomita 410 a awa a filin gwaji a Ohayo, kuma a kan titi aka tuƙa ta zuwa can aka dawo da ita gida.

Japan ta ƙara wa wutar fetur ta wata hanya mai ban dariya. Daga 1989 zuwa 2004 kamfanonin ƙasar sun yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa ba wanda zai tallata mota da ƙarfin da ya wuce doki 280. Amma injinan da suka gina, irin RB26 na Nissan Skyline GT-R da 2JZ na Toyota Supra, gangar jikinsu ta baƙin ƙarfe ce da za ta ɗauki ninkin wannan. Kamar a ba ka ingarman doki a ɗaure masa ƙafa ɗaya, ai kowa ya san abin da zai yi. Fim ɗin The Fast and the Furious na 2001 ya kai wannan al'ada kowane lungu na duniya.

Sai dai motar da ta fi koya wa talakawan masu sha'awa wannan aiki ba ta cikin waɗannan. Mazda MX-5 ce, wadda Amurkawa ke kira Miata. Ta fito a 1989, kujera biyu, nauyinta bai kai tan ɗaya ba, inji lita 1.6, doki 116. Kowa ya yaba yadda take shan kwana, kowa kuma ya ce ba ta da ƙarfi. Ga shi injin ɗan gidan tobo ne, domin daga na Mazda 323 mai tobo aka samo shi, har da ƴan bututan da ke fesa baƙin mai a ƙarƙashin fistan don sanyaya shi. An ƙera fiye da miliyan ɗaya zuwa 2016, tsofaffin sun yi arha, sai ta zama allon koyo.

Ɗaurawar kanta aikin ƙarfe ne da bututu, bakanike mai natsuwa zai gama a kwana biyu ko uku. A cire bututun hayaƙi na asali a sa wanda tobo zai zauna a kai. A jawo siririn bututu daga inji ya kawo baƙin mai, domin sandar da ke juyi sau dubu ɗari da wani abu a kan siririn shimfiɗar mai take yawo. A huda tukunyar baƙin mai ta ƙasa a yi wa man hanyar komawa, kuma dole hanyar ta zama mai faɗi, ta gangara ba lanƙwasa, tunda nauyinsa ne kawai ke mayar da shi. In ta toshe sai man ya bi ta cikin farfela, mota ta riƙa shuɗin hayaƙi, mai ita ya ɗauka tobon ne ya lalace. Sai intakula a gaban lagireto, da bawul ɗin da ke sakin iska idan an ɗaga ƙafa, mai yin atishawar nan da samari ke so. Kuloci ma sai an canja, na asali zai fara sulɓi. Birki da taya kuwa ba sa cikin kwalin, kuma su ne mutane suka fi mantawa, alhali motar da ƙarfinta ya kusa ninkawa tana isa kwana da gudun da birkinta bai saba gani ba.

Wahalar tana wajen saiti. Ƙwaƙwalwar motar, wadda makanikai ke kira biren bos, ba ta san akwai wani abu wai shi matsin da ya wuce na sararin sama ba. Iska ta ƙaru, ita kuma tana ba da man da ta saba. Cakuda ta yi ƙarancin mai, zafi ya hau, ƙwanƙwasa ta shigo. A farkon shekarun 1990 yaudararta ake yi. Ana sa wata na'ura da ke matse bututun komawar fetur idan tobo ya farka, matsin mai ya hau, injekta ta fesa fiye da abin da ƙwaƙwalwa ta umarta. Sannan a juya lokacin ƙyastawa baya da hannu, a haƙura da ragwancin da hakan ke jawowa a ƙaramin gudu. Ma'aunin kuwa kunne ne da launin fulogi. Da wannan ana iya rayuwa a kan matsi 5 ko 6 na ma'aunin mai faci. Wanda ya yi kwaɗayi ya murɗa zuwa 10 yakan koma gida a bayan janwe. Littafin Corky Bell, Maximum Boost, da ya fito a 1997, ya yi suna ne don ya zauna ya yi wa mutane irin lissafin zafi da matsi da muka yi a sama.

Abubuwa biyu suka canja wasan a farkon shekarun 2000. Na farko sensar iskar oksijin mai faɗin ma'auni ta yi arha. Wadda ke zuwa da mota abu ɗaya ta sani, ko cakuda ta haura 14.7 ko ta gaza. Sabuwar kuwa lamba take ba ka. Na biyu, ƙwaƙwalwar da mutum zai iya rubuta wa umarni da kansa ta shigo hannun kowa, musamman MegaSquirt da Bruce Bowling da Al Grippo suka fitar a 2001, wadda ake saye a warwatse a haɗa da dalma a gida. Daga nan saiti ya koma cike jadawali a kwamfuta: layi ɗaya saurin inji, ɗayan matsin iska, kowane gida a rubuta yawan mai da lokacin ƙyastawa.

Mai saitin kirki yana ɗaure motar a kan daino, na'urar da tayoyi ke juya ganguna ana auna ƙarfi. Yana farawa da ƙaramin matsi. A ƙarƙashin matsi ba ya neman 14.7, yana saukowa wajen 11.5 zuwa 12, wato da gangan yake ba da rarar fetur, domin rarar tana yin aikin da ruwan Jetfire ya yi. Sannan ya riƙa matso da ƙyastawa gaba digiri ɗaya-ɗaya, belin sauraro a kunnensa an jona da jikin inji, idonsa a kan ƙarfin juyi. Inda ƙarfin ya daina ƙaruwa, ko ya ji alamar tsakuwa, nan zai tsaya ya ja baya kaɗan. Wannan ɗan ja da bayan shi ne kuɗin da ka biya shi. Saitin da aka yi da sanyin safiya da fetur mai kyau, aka kai shi bakin iyaka don lambar daino ta yi kyau a hoto, shi ne zai fasa fistan ran da aka sha man wani gidan mai aka taka mota da tsakar rana. Shi ya sa jadawalin da aka sauko da shi daga intanet, wanda wani ya yi a ƙasar sanyi da fetur mai okten 98, ba abin amincewa ba ne a wani wurin. Ko an kauce wa ƙwanƙwasa ma akwai iyakar ƙarfe: masu harkar Miata sun daɗe suna cewa sandunan fistan na asali kan fara lanƙwasa idan an doshi doki 250.

Yau yawancin sababbin motocin fetur a Turai da tobo suke fitowa, don a samu ƙarfin babban inji daga ƙarami, a rage shan mai a gwajin hukuma. Ga masu irin waɗannan, kwalin ya koma fayil da ake turawa ta soket ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda Amurka ta wajabta tun 1996. Hukumomi ma sun farka. A Kalifoniya haɗin tobo ba ya hawa titi sai yana da lambar amincewa ta hukumar kula da iska ta jihar, a Jamus sai an duba an shigar da shi takardun mota, kuma kamfanin inshora na iya ƙin biya idan aka ɓoye masa.

Motocin da suka rage wa masu kwali su ne irin Toyota 86 da tagwayenta Subaru BRZ na 2012, lita 2, doki 200, babu tobo. Injinsu ninki 12.5 yake matsewa, ya fi na Jetfire nesa, amma ana ɗaura musu tobo su zauna lafiya, saboda ƙwaƙwalwa na sauraron kowane bugu, da yawa kuma suna shan E85, man da mafi yawansa barasar etanol ce mai sanyaya cakuda. Ruwan ma ya dawo. A 2016 BMW ta fitar da M4 GTS, guda 700, da tankin ruwa mai lita 5 a cikin but, ana fesa shi a hanyar iska, ƙarfi ya tashi daga doki 431 zuwa 500. In direba ya manta bai cika tankin ba, kwamfuta ce ke rage matsi, ta ja ƙyastawa baya, ta kunna masa fitila a gaban sitiyari.